Daga Murhun Manda Zuwa Rijiyoyin Agadem

Wanda ya bar Maine-Soroa ya nausa arewa zuwa N'Guelbély zai wuni yana hawa tudun rairayi yana gangarawa kwari. A gindin kwarin akwai goruba, wani wurin har da dabino, a tsakiya kuma farar ƙasa mai ƙyalli kamar an barbaɗa gari. Kanwa ce, ko gishiri. Nan ce ƙasar Manga, a jihar Diffa, inda Mangawa manoma da Fulani makiyaya ke shan ruwa a rijiya ɗaya. In aka ci gaba da tafiya arewa maso gabas, ciyawa na ta raguwa har a faɗa ƙasar N'Gourti, mazaunin Tubawa da Larabawa masu raƙuma, inda rijiyoyin man Agadem suke.

Sau biyu ke nan ƙasar wannan yanki tana fito da dukiya daga cikinta. A karon farko sanin aikin yana hannun 'ya'yanta. A karo na biyu sanin yana zaune a biranen da yawancin mutanen N'Guelbély ba su taɓa jin sunansu ba.

Kafin 1900: zamanin mai murhu

Abin da ake faɗa a fadar Barno shi ne gidan sarautar Sefawa ya samo asali daga wani jarumin Yaman, Saifu ɗan Zi Yazan. Marubutan fada sun rubuta haka, maroƙa sun yi ta maimaitawa, amma masana tarihi na ɗaukarsa a matsayin labarin asali irin wanda gidajen sarauta da dama ke jingina kansu da shi. Abin da ya tabbata shi ne wajen shekarun 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin Komadugu Yobe, kogin da yau ke bi ta gefen garin Diffa yana raba Nijar da Najeriya. Fiye da shekara 300 wannan birni yana juya ƙasashen da ke kewaye da shi, kuma cikin abubuwan da suka riƙe taskarsa akwai gishiri da kanwar ƙasar Manga da Muniyo.

Aikin rani ne. Da an gama girbi, maza su bar ƙauyukansu ƙungiya-ƙungiya, su kafa bukkoki a bakin kwari. A kankare ƙasar nan mai gishiri, a zuba ta cikin matacin da aka saƙa da ciyawa aka ɗora kan itatuwa, a kwarara ruwa a kai. Ruwan da ke ɗiga ƙasa shi ne dukiyar. Sai a jera ƙananan tukwanen yumɓu masu tsinin gindi a saman murhu, a hura wuta a ƙarƙashi, a yi ta ƙara ruwan gishirin da ludayi mai dogon mariƙi, dare da rana, har tukwanen su cika da daskararren gishiri. In ya huce a fasa tukunya a fito da manda.

A faɗe abin da sauƙi. Amma wace ƙasa za a kankara, wacce za a bari? Yaya za a gauraya ta kwarin nan da ta wancan don kada ɗaci ya yi yawa? Yaushe za a rage wuta kada tukwane su tsage a yi asarar aikin mako guda? Mai murhu ne ya san wannan, shi ma wajen ubansa ko ubangidansa ya koya, da ido da harshe da ƙunar hannu. Yaro ya fara da ɗebo itace, ya koma jan ruwa, wata rana ya wayi gari shi ke riƙe da ludayi.

Kada a ƙawata zamanin fiye da kima. Masu sarautar da aka ba wa kwaruruwan suna karɓar kasonsu kafin kowa, fatake kuma, Hausawa da Barebari, su ɗora kaya a jakuna da takarkarai su kai kasuwannin ƙasar Hausa su ci ribar da mai murhu bai taɓa gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baturen nan Heinrich Barth, da ya ratsa Muniyo a ƙarshen 1852, ya ga tafkunan kanwa ya kuma rubuta labarinsu. Sai dai duk ikon basarake da duk jarin falke, babu wanda zai iya ɗauke murhun ya kai wata ƙasa, domin ƙasar da ake dafawa da hannun da ya iya dafa ta duk a wuri ɗaya suke.

Sarauta ta yi ta sauya hannu a kansu. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Gazargamu. Shehu Muhammadu al-Kanemi ya farfaɗo da daular, ya kafa Kukawa a 1814. Rabe ya rushe ta a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a watan Afrilun 1900. Kowane sabon mai iko ya aiko a karɓar masa haraji, murhu kuwa bai daina hayaƙi ba.

1900 zuwa 1960: iyaka da layin dogo

Abin da yaƙi bai yi ba, alƙalami da jirgin ƙasa suka yi. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 suka tsaga tsohuwar Barno biyu, aka bi da turaku ana kafawa, ƙasar Manga ta faɗa hannun Faransa, manyan kasuwanninta suka faɗa hannun Ingila. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru wajen 1930, ƙofar ƙasar Manga ke nan. Cikin taragunsa akwai buhunan farin gishirin Turai, wanda injin ya tace, mai araha, mai kama da juna daga buhun farko har na ƙarshe.

Manda bai mutu ba, har gobe akwai masu nemansa don miya da dabbobi, kanwa kuma tana nan tana tsallaka iyaka. Amma babbar kasuwar gishirin girki ta suɓuce a hankali. Wannan ne karo na farko da mutanen yankin suka ga aikinsu ya yi ƙaura ba tare da kowa ya zo ya ƙwace musu kwari ba: ana cin gishiri kamar kullum, ana dafa shi ne kawai a wata ƙasa.

Faransa kuma ba ta kawo wani sabon sani a madadinsa ba. A 1926 ta ɗauke babban birnin mulkinta daga Damagaram ta mayar Yamai, gabashin ƙasar ya ƙara nisa da inda ake yanke shawara. Tsakanin Yamai da Diffa akwai kilomita sama da 1,300. Makarantun boko kaɗan ne, iyaye da yawa sun fi yarda su tura 'ya'yansu karatun allo Barno da Yobe. Har bayan samun 'yanci a 1960, har bayan shimfiɗa hanyar kwalta da taimakon Kanada a farkon shekarun 1970, fuskar Diffa Maiduguri take kallo, kuma naira ta fi sefa yawo a kasuwanninta. A riƙe wannan, domin ranar da za a zo neman mai takardar injiniya, a nan gizo zai yi saƙa.

1970 zuwa 2006: masu sauraren cikin ƙasa

An fara neman mai a Nijar tun ƙarshen shekarun 1950, can arewa wajen Djado, ba a dace ba. A yankin Agadem kamfanin Texaco na Amurka ne ya buɗe fage a farkon shekarun 1970, ya ga alamun mai a 1975. Elf na Faransa ya haƙa rijiyar Sokor a 1982, mai ya fito. Esso ya daɗe a wurin, daga baya ya haɗa gwiwa da Petronas na Maleshiya.

Makiyayin da ya ci karo da ayarin masu binciken nan ya ga abin mamaki. Manyan motoci su jeru, kowacce ta sauke wani faifan ƙarfe ta danna ƙasa, ta yi ta girgiza ta har mutum ya ji a tafin ƙafarsa. A gabansu an miƙa wayoyi na tsawon kilomitoci, an soka wasu 'yan na'urori cikin rairayi suna sauraren amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsun da ke can ƙarƙashi. Masu jan wayar nan a rana, masu naɗe ta da yamma, masu nuna hanya tsakanin tuddai, masu gadi da masu dafa abinci, 'yan ƙasa ne. Abin da na'urorin suka ji kuwa a naɗe shi a faifai a sa a jirgi. Cibiyar binciken Elf tana Pau a kudancin Faransa, ta Esso tana Houston. A irin waɗannan wurare ne kwamfuta ke tace bayanan, masana su zana taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙafar makiyayin, su ce a haƙa nan, a bar can.

Ga bambancin mai da manda ke nan. Mai murhu da ƙasarsa ba sa rabuwa. Shi kuwa sanin mai, ana iya raba shi da rijiya a ajiye shi a wata nahiya, rijiyar ta ci gaba da aiki.

A waɗannan shekarun ne duniya ta gano cewa kusan duk aikin da ake yi a gaban kwamfuta ana iya yi masa haka. A 1985 kamfanin Texas Instruments ya buɗe ofishin tsara manhaja a Bangalore ta Indiya, ya haɗa shi da Amurka ta tauraron ɗan adam. Gab da shekarar 2000, fargabar cewa kwamfutoci za su rikice da sauyin ƙarni ta sa aka tura wa kamfanonin Indiya aikin gyara ba adadi, daga nan ƙofa ta buɗe. Faransa ma ta kwashe ofisoshin amsa kiran waya ta kai Maroko da Senegal. Ma'aikacin Amurka ko na Faransa yana kukan aikinsa ya tafi inda albashi ya fi araha. Kukan ɗan Diffa na daban ne: shi aikin bai taɓa sauka garinsu ba, ballantana a ce ya tashi.

Zuwa 2006 an tabbatar akwai ganga sama da miliyan 300 a Agadem. Kamfanonin suka duba nisan wurin da teku, suka ce lissafi bai fita ba. Gwamnati ta nace sai an gina matata a cikin ƙasa, suka ƙi, suka naɗe tabarmarsu.

2008 zuwa 2011: ɗan Maine-Soroa da baƙi daga Sin

Shugaban da ya nace ɗin ɗan yankin ne. An haifi Tandja Mamadou a Maine-Soroa a 1938, ya hau mulki a 1999. A watan Yunin 2008 gwamnatinsa ta sa hannu da kamfanin man ƙasar Sin, CNPC, wanda ya biya dala miliyan 300 kuɗin sa hannu, ya kuma ɗauki alkawarin abin da na baya suka ƙi: rijiyoyi, bututu da matata, cikin shekara uku. A watan Oktoban wannan shekara aka aza harsashin matatar, kuma daga wajen wannan biki ne kiran tazarce ya fara tashi da ƙarfi. Tazarcen ya ci mulkin Tandja a juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010. Shugaba Mahamadou Issoufou ne ya buɗe matatar ranar 28 ga Nuwamban 2011.

Sinawa sun cika alkawarin lokaci, wannan ba a musu. Yadda suka cika shi ne abin dubawa. CNPC gida ne mai 'ya'ya da yawa: BGP ke binciken ƙarƙashin ƙasa, Great Wall ke haƙa, wasu rassan ke gini da shimfiɗa bututu. Kowane reshe ya zo da injiniyoyinsa, da masu waldarsa, da injinansa. Aikin da aka tsara a Sin, aka ƙera sassansa a Sin, aka zo da masu haɗa shi daga Sin, ba ya jiran kowa ya koya. Saurin da aka yi ta yabo shi ne ya hana koyon.

Sannan ga maganar wuri. Ba a gina matatar a jihar Diffa ba. An ja bututu na kilomita 462 zuwa Bakin Birji, arewa da birnin Damagaram, aka kafa matatar SORAZ a can, CNPC na da kashi 60, Nijar na da 40, tana tace ganga 20,000 a rana. Masu kare shawarar sun ce Damagaram ta fi kusa da kasuwa da manyan hanyoyi, kuma da gaskiyarsu. Amma a idon ɗan N'Guigmi ko ɗan Diffa, ɗan aikin fasahar da ya rage a cikin ƙasa ma an ɗauke shi an kai jihar maƙwabta. An bar musu rijiya da ƙura.

An ɗauki matasan Nijar masu ilimin kimiyya aiki a matatar, an horar da su, wasu har Sin aka kai su. Su ne kuma suka fara ganin abin da idonsu: ga ɗan ƙasa ga baƙo a ɗaki ɗaya suna kallon allo ɗaya, albashinsu kamar sama da ƙasa, kujerun shugabancin sassa kuma kusan duk na baƙi. Tun shekarun farko suka sha shiga yajin aiki a kan wannan. Kuɗin ginin ma ya jawo cacar baki, domin an fara maganar dala miliyan 600, aka ƙare da lissafin 980.

2013: ranar da Diffa ta fusata

Dokar man fetur ta 2007 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu don ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar man. A takarda, har N'Guelbély na da rabo. A aikace kuɗin kan makara, bashi ya taru, magadan gari su yi ta zarya Yamai.

Matasa kuwa ba kaso suke tambaya ba, aiki suke tambaya. A ƙarshen Afrilun 2013 suka fito kan titunan Diffa, aka ƙona tayoyi, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka ji wa mutane rauni, har sai da Firaminista Brigi Rafini ya taso da kansa. Abin lura shi ne abin da suke nema. Ba su ce a ba su kujerar injiniya ba, sun san takardunsu. Cewa suka yi ko direba, ko mai gadi, ko lebura, sai a ga ɗan kwangila ya kwaso mutanensa daga Yamai ko wata jihar, alhali ga su nan zaune a gindin bishiya suna kallon motocin kamfani na wucewa.

Matakala uku ce ke nan. A sama akwai aikin tsarawa da nazari, yana ƙetare. A tsakiya akwai aikin fasaha na yau da kullum, baƙi na riƙe da mafi tsokarsa, sauran na hannun waɗanda suka yi karatu a Yamai, a makarantar ma'adinai ta EMIG ko jami'a. A ƙasa akwai aikin ƙarfi, shi ne kaɗai ɗan yankin ke iya miƙa hannu ya taɓa, shi ma ana rige-rige da shi. Yankin da aka bari a baya wajen boko tun zamanin Faransa ba zai tashi dare ɗaya da masanan ƙarƙashin ƙasa ba, kuma tsakanin gano mai a Sokor da buɗe matata an yi shekara 29 ba a yi wani shirin kirki na tanadar su ba. Wannan laifin ba na Sin ba ne.

A 2014 aka kafa jami'a a Diffa. Fannin da aka ba ta shi ne noma da muhalli. Ba laifi ba ne ga jihar tattasai da kifi da dabbobi, amma mai son koyon fasahar mai sai ya tafi Damagaram ko Yamai.

2015 zuwa 2019: yaƙi ya cinye sauran

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, dubban 'yan kabu-kabu suka rasa abin yi. Aka hana cinikin tattasai, jan zinarin kwarin Komadugu, da na bandar kifin Tafkin Cadi, bisa hujjar cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin. Bukkokin 'yan gudun hijira suka jeru a gefen babbar hanya ta ɗaya. Aikin hanyar Diffa zuwa N'Guigmi zuwa iyakar Cadi, wanda aka ɗora wa buri, ya tsaya. Sai a 2017 aka sassauta wa tattasai, kifi kuwa sai 2019.

Duk tsawon wannan lokaci mai bai daina gudu cikin bututu zuwa Bakin Birji ba. Sana'o'in da saninsu ke hannun 'yan ƙasa, noman rani da su da fatauci, su ne suka durƙushe. Wadda saninta ke hannun baƙi tana can cikin sahara, sojoji na gadinta.

2019 zuwa 2024: bututu zuwa teku

Matata mai ganga 20,000 ba za ta mayar wa CNPC kuɗinsa ba, dole a fitar da ɗanyen mai. An yi maganar bi ta Cadi da Kamaru. A watan Yulin 2018 Nijar da Najeriya suka sa hannu kan gina matata a jihar Katsina da za ta tace man Agadem, wadda da ta tabbata da aikin tacewar ya zauna a ƙasar Hausa. Ba ta wuce takarda ba. Aka zaɓi Jamhuriyar Benin. Ranar 17 ga Satumban 2019 Issoufou ya ƙaddamar da aikin a Koulele: bututu na kusan kilomita 2,000 har tashar Seme kusa da Kwatano, a ƙarƙashin wani reshen CNPC mai suna WAPCO.

Lissafin a bayyane yake. Ana son haƙo ganga 110,000 a rana, 20,000 su tsaya a SORAZ, 90,000 su shiga jirgin ruwa. Wato cikin kowace ganga goma sha ɗaya, tara za a tace su a wata ƙasa, kuma duk aikin da ke rataye da tacewar, daga mai gwaji a ɗakin bincike har mai sarrafa roba da taki, can zai zauna. Nijar ta san wannan hanya tun daga yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, aka riƙa kai garinsa Faransa a ƙarasa sarrafa shi.

Gini ya samar da aikin ɗan lokaci a duk inda bututun ya bi, na haƙa da ɗauka da gadi. Amma bututu ba kasuwa ba ne. Da an binne shi an rufe, 'yan tsirarun ma'aikata a tashoshin tura mai sun ishe shi.

Kafin a gama, sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Takunkumi ya biyo baya, iyakar Benin ta rufe. An ƙaddamar da bututun a farkon Nuwamban 2023, a watan Afrilun 2024 CNPC ya ba gwamnati bashin dala miliyan 400 da za a biya da mai, jirgin farko ya yi lodi a Seme a watan Mayu bayan ja-in-ja da hukumomin Benin. A watan Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, a wannan watan kuma 'yan tawayen FPL suka fasa bututun a yankin Tesker, yamma da ƙasar da man ke fitowa.

2025: takardar sallama

Gwamnatin soja ta zo da kalmar 'yancin kai a bakinta, kuma ta ɗauko tsohon kukan ma'aikatan SORAZ ta mai da shi nata. A watan Agustan 2024 ta fitar da doka mai tilasta wa kamfanonin ma'adinai da mai su fifita 'yan ƙasa wajen ɗaukar aiki da ba da kwangila. A watan Maris na 2025 ta ba shugabannin CNPC da WAPCO da SORAZ, su uku 'yan Sin, awa 48 su bar ƙasar. Ministan man fetur, Sahabi Oumarou, ya fito da alƙaluma: matsakaicin albashin baƙo a wata dala 8,678, na ɗan ƙasa mai irin matsayinsa dala 1,200. Ninki bakwai. A watan Mayu aka umarci kamfanonin su sallami baƙin da suka wuce shekara huɗu suna aiki a ƙasar.

Akwai wani abu mai kama da wannan a can Amurka, sai dai a juye. A farkon 2015 kamfanin Disney ya sallami ma'aikatan kwamfuta kusan 250 a Orlando, aka sa wasunsu su koya wa waɗanda za su gaje su aikin, mutanen da wani kamfanin kwangila na Indiya ya kawo. Can ɗan gida aka tilasta wa ya koyar da baƙo kafin ya tafi. A Nijar baƙon ake so ya koyar da ɗan gida kafin ya tafi. A duka biyun abin da ake jayayya a kai ɗaya ne, wato sanin da ke cikin kan ma'aikaci, kuma ba a fitar da shi da wasiƙar minista kaɗai. Shekara goma sha huɗu da buɗe matata sun isa a ce akwai 'yan Nijar da suka ƙware a ɗakin sarrafa injuna, kuma akwai su. Amma wanda ya ƙera injin, mai sayar da kayan gyaransa, mai riƙe da bayanan rijiyoyi da jarin haƙa sababbi, har yanzu CNPC ne, kuma gwamnatin da ta kori shugabanninsa ita ce ta ci bashinsa shekara guda kafin nan. Shi ya sa bayan hayaniyar aka koma teburin tattaunawa.

Ko da an mayar da kowace kujera hannun ɗan Nijar, tambayar matasan 2013 tana nan: wane ɗan Nijar? Kujerar da Basine ya bari, mai digiri ne zai hau ta, kuma masu digirin sun fi yawa a yammacin ƙasar. Yaron da ke kiwon shanu a N'Guelbély, ko wanda ya girma a sansanin gudun hijira a gefen kwalta makarantarsa a rufe, ba ya cikin jerin.

A watan Oktoban 2024 gwamnati ta sa hannu da wani kamfanin Kanada mai suna Zimar kan gina sabuwar matata babba, wadda aka ce za ta riƙe aikin tace man Agadem a cikin gida. Wurin da aka zaɓa mata shi ne Dosso, kilomita sama da 1,000 yamma da Diffa.